Sai An Hura Cikin Kanari

Shekara talatin ina saƙa keji ina kama kanari, ban taɓa ganin aikin banza irin na ƙanin matata ba. Ya ari tarkona da namijin kanarin da ke kira mini 'yan'uwansa, wai zai gwada sa'a. Na ba shi don kunyar yayarsa. Na kuma faɗa masa dokar da kowane mai tarko ya sani: duk wanda ka kama, ka juya shi a tafin hannu ka hura masa ciki. In gashin ya buɗe ka ga fata fili, mai ɗumi, to mace ce tana kwanci, ta bar ƙwai a sheƙa. Nan take ake sakinta.

Ya ce ya ji. Ashe ta bayan kunne maganar ta bi.

Bayan kwana biyu ya shigo rumfata yana washe baki, da kanari goma sha ɗaya a keji.

"Yaya, ka ga hannu!"

"Ka hura su?"

"Haba Yaya, tsuntsu ai tsuntsu ne."

Na ciro su ɗaya bayan ɗaya ina hurawa. Huɗu cikinsu fili. Raina ya ɓaci.

"Yaushe ka kama waɗannan?"

"Shekaranjiya da safe."

"Shekaranjiya! Kai ko kazar gidanku ba ka taɓa gani tana kwanci ba?"

"To a sake su mana. Abin ai bai kai ga faɗa ba."

Wallahi ba don yayarsa ba, da kejin zan kifa masa a ka. Na tasa ƙeyarsa har bayan makarantar da ya kafa tarkon, inda itatuwan lemo suke. Duk hanya yana gunaguni wai na hana shi kasuwa.

Na buɗe ƙofar kejin na saki huɗun nan. Uku suka tashi suka ɓace. Ta huɗun ba ta yi nisa ba. Ta faɗa wani reshe daidai kanmu, inda wata 'yar sheƙa take, ba ta fi murfin kwalba ba. Ta leƙa ciki, ta juya ƙwan da baki, ta gyara zama a kansu.

"Ka gani ko?" in ji shi. "Ta koma abinta."

Kwana biyu ƙwan nan suna sanyi, sun riga sun lalace. Haka za ta zauna, mako biyu ko fiye, tana jira.