Ya Cika Mini Finjali

...kuma har baki ya cika shi, Muhabbat. Har baki! Da kina raye da kin taka mini ƙafa a ƙarƙashin tebur, ki ce in yi shiru. Shuhrat, shugaban sashenmu, yaron da na koya wa riƙe alli, shi da hannunsa ya ɗauki buta ya cika mini finjalin shayi taf. Ɗan garin Namangan ne fa, inda kowa ya san al'adar shayi. Uwarsa ba ta gaya masa ba? Baƙon da ake so, ɗan kaɗan ake zuba masa, don ya yi ta miƙo finjali ana ƙarawa. Wanda aka cika wa kuwa... sha ka tashi.

Ɗalibai sun gama kare kundinsu, sun shimfiɗa mana tebur kamar kowace shekara, shinkafa da naman rago, gurasa mai zafi. Kowa dariya. Dariyar me?

Finjalin malama Gulnora rabi ne. Na leƙa. Na baƙon da ya zo daga Tashkent ko rabi bai kai ba. Nawa kaɗai.

Kuskure ne? Hira ta ɗauke masa hankali — a'a, Shuhrat ba ya kuskure, ko waƙafi bai taɓa mantawa ba. Tun watan jiya yake ce mini, “Domla, malamina, ai kun sha aiki, ku riƙa hutawa.” Hutawa! Wa ya ce masa na gaji? Kuma har yau ba wanda ya tambaye ni ajin da zan ɗauka in an dawo hutu. Bara tun ana sanyi aka tambaye ni.

In suka sallame ni, ina zan je? Gidan nan shiru, tsinken ɗinkinki na nan a kan taga inda kika bar shi... Tsoro nake ji, Muhabbat. Ban taɓa faɗa wa kowa ba.

Wannan yarinyar, sabuwar malama, me ya kai ta ofishina jiya tana kallon kantar littattafai? Aro ta zo yi, wai. Awon bango take yi da ido.

“Domla, shayinku zai huce.”

Shuhrat ne. Murmushi yake. Cokula sun tsaya a tebur.

To, in sha mana. In ɗaga kawai...

Hannun nan. Shekara guda ina ɓoye shi a aljihu, ina sa ɗalibai su yi mini rubutu a allo, wai don su koya. Rabin finjali zan iya kai shi baki, ba wanda zai lura. Cikakke kuwa, da wannan rawar...

Ashe ba korata yake yi ba tukuna. So yake su gani da idonsu.

Sun sani. Tun yaushe suka sani?

Yatsuna na kan finjalin, shayin ya fara kaɗawa, kuma ko ɗagawa ban yi ba.