Lambar Inna

Daren jiya na yi wani mafarki, bayan na wuni a aji ana koya mana yadda ake sa kwamfuta ta jefa ƙuri'a, ta fito da lambar da ba wanda ya san za ta zo.

Na gan ni a wani gari inda ruwa ke tsattsafowa daga ƙasa yana hawa sama. Kowa ya juya lemarsa ya tsaya a ciki. Na shiga wani ofis, na tarar da akuya mai tabarau a bayan tebur.

"Barira, kin makara," in ji ta. "Mamata sun gaji da jira."

Mutum goma ne a kan benci, kowa da lamba a tafin hannunsa. Akuyar ta ce duk wanda lambarsa ta fito zai je gida ya ci abincin rana da iyalinsa ya dawo. Ta ƙarshe a kan bencin ita ce Inna, mahaifiyata da ta rasu bara, tana riƙe da goma.

Aka tura min kwamfuta, na rubuta umarnin yadda aka koya mana. Na danna, uku ta fito, wani tsoho ya ɗauki takalmansa ya fita. Na sake dannawa, tara. Sai uku kuma.

Can na ga rana ta faɗi ta gabas. Kowa ya je ya dawo yana sakace, wasu har sau biyu. Inna ba ta motsa ba.

"Rabo ne, 'yar nan," in ji ta.

Na koma na duba abin da na rubuta. Ashe irin umarnin nan ne da ke tsayawa a tara, ba ya taɓa lambar ƙarshe. Ko shekara za a yi ana dannawa, goma ba za ta fito ba. Na ƙara ɗaya a umarnin don goma ta shiga.

Akuyar ta cinye kusurwar teburin, ta ce saura dannawa guda a tashi aiki.

"Yanzu zan fito?" Inna ta tambaya.

"Yanzu kina cikin ƙuri'ar, Inna. Amma ban san abin da zai zo ba."

Ta gyara mayafinta, ta jawo takalmanta kusa. "To, hakan ma ya isa. Me kika dafa?"

Na danna. Lambar ta fara bayyana daga ƙasa, a hankali, sai injin markaɗen maƙwabta ya tashe ni.