Ƙyallen da Ke Kan Sola

A gidanmu motar Baba ake kira Gwaggo. Tsohuwa ce, fara da ta koma ruwan toka, tana tari da safe, kuma ba ta tashi sai an lallaɓa ta. Tun da Baba ya ajiye aikin direba ya koma direban unguwa na kyauta. Mai zuwa asibiti, mai tarar baƙo a tasha, mai kai gado wurin kafinta, duk ƙofarmu suke bugawa. Sau da yawa shayin da Inna ta zuba masa a kofi yake hucewa.

Sai aka yi masa aikin yanar ido, likita ya ce kada ya taɓa sitiyari sai idanun sun warke. Gwaggo ta zauna a tsakar gida, gefen igiyar shanya.

Yayana, wanda ba ya ganin abu a ajiye bai yi masa tunanin kasuwa ba, ya zo duba Baba ya tsaya yana kallon motar.

"Baba, mota in ta zauna batir mutuwa yake. Daga batir sai taya, daga taya sai ɓeraye. A sayar da ita ka huta."

"Ni na ce maka na gaji?"

Suka yi ta ja, har Baba ya fusata ya yanke da bakinsa. "Ran da likita ya sallame ni, in ta tashi da makulli, ta zauna. In sai an tura ta, ka kira mai saye." Yaya ya ce ya ji, har da murmushi. Murmushin nan ne ya ƙona min rai, don na san in aka raba Baba da motar nan an raba shi da ƙafafunsa.

Washegari da na tashi daga aiki na biya ta shagon kayan lantarki na sayo ɗan faifan sola, bai fi tiren shayi girma ba. Baba na zaune da baƙin tabarau yana ba ni umarni kamar yana gani.

"Auta, jar wayar a kan mai alamar kuros. Baƙar a ɗayan. Kada ki bari su haɗu, ba na son tartsatsi."

Na maƙala su a batir, na jawo wayar ta gefen ƙofa, na kwantar da faifan a ƙarƙashin gilashin gaba inda rana ke yini. Wata 'yar koriyar fitila ta kama.

"Ba ya cika batir da gaggawa," na ce. "Kurɓi-kurɓi yake ba shi, don dai kada ya mutu."

"Ai haka ake ciyar da tsoho," in ji Baba.

Tunda ba ya ganin fitilar, sai ya ƙirƙiro nasa gwajin. Kowace safiya zai lalubo ƙofa ya shiga ya zauna, ya danna hon. Da farko muryar Gwaggo garau take, har kajin maƙwabta na firgita. Bayan wasu makonni na zo na tarar da shi shiru.

"Muryarta ta dishe," ya ce.

Na leƙa cikin motar, sai dariya ta ƙwace min. Dole in yi bayani a nan: Inna ba ta yarda da abu tsirara ba. Talabijin da mayafinsa, firji da nasa, fanka ma in ba ta juyawa sai an sa mata hula. Duk ita ke saƙa su da kwarashi. To ga faifan sola an lulluɓe shi da farin ƙyalle mai geza, an daidaita kusurwoyinsa tsaf.

"Inna! Kin toshe masa baki!"

"Rana ce za ta ƙona shi. Sabo ne fa."

"Ranar ita ce abincinsa."

Ta ce to, na cire ƙyallen, na yi ta ba abokan aikina labari muna dariya. Da na dawo ƙarshen mako, ƙyalle ya koma wurinsa. Wannan karon ban yi dariya ba. Na same ta a kicin tana yanka albasa, na fara faɗa tun daga bakin ƙofa, ni da ba a san ni da sanyin baki ba.

"Sassauta murya," ta ce, ba ta ɗago ba. "Na san abin da yake ci. Ba yarinya ba ce ni."

"To me ya sa?"

"Tun da aka yi aikin idon nan yake shan shayinsa da zafi. Ina karanta masa labarai a waya, yana yi min gardama. Jiya har ya taya ni gyaran wake, da lalube." Ta share ido da bayan hannu, ta ɗora wa albasa laifi. "In motar nan ta tashi, na koma jin hon ɗinsa daga nesa."

Tausayinta ya kama ni, haushinta kuma bai sake ni ba. Na fita tsakar gida na samu Baba a cikin mota, hannu ɗaya a sitiyari, ɗayan a kan ƙyallen, yana wasa da gezar.

"Baba, ka san da shi?"

"Ido aka yi min aiki, ba yatsu ba. Saƙar uwarki ko a duhu na san ta."

"Ka sani ka bar shi? Yaya zai sayar da motar fa!"

"Ita ta sa. In ta ga dama ita za ta cire. Gwaggo ta kai mutanen unguwar nan ko'ina. Uwarki ce kawai ban taɓa tambaya ina take son zuwa ba."

Ban san Inna na tsaye bayana da kwandon wanki ba. Ta ajiye kwandon, ta miƙa hannu ta taga ta yaye ƙyallen, ta goge faifan da gefen zanenta. Koriyar fitilar ta kama.

Daga ranar ta karɓe aikin. Ta hana Baba danna hon, wai yana cinye abin da aka tara. Ta matsar da igiyar shanya don inuwar zannuwa na faɗawa kan gilashi. Har reshen bishiyar maƙwabci sai da ta sa aka rage.

Ran da likita ya sallami Baba, Yaya ya riga kowa zuwa, ya naɗe hannun riga, wai ko za a buƙaci turi. Baba ya zauna da sabon tabarau, ya yi bismilla, ya murɗa makulli. Gwaggo ta yi tari, ta sake yi. Sai ta kama, tsakar gida ya cika da hayaƙi, ni kuwa na yi ihu kamar yarinya.

Ba a jima ba mai kantin kusa da mu ya leƙo, jin ƙarar mota. "Alhamdulillahi, ta tashi! Dama ina da kaya a tasha…"

"Gobe," in ji Baba. Ya ɗauki farin ƙyallen nan mai geza ya shimfiɗa a kujerar gaba, ya daidaita kusurwoyinsa. "Yau an kama kujerar."

Inna ta fito da mayafinta a kafaɗa da fulas ɗin shayi a hannu. Ta zauna, ta ja ƙofa, ta ce masa ya tafi a hankali, za ta faɗa masa hanya.