Almakashi na Huɗu

Likitan ido ya gama da Kaka Aderaldo tun kafin ƙarfe goma sha ɗaya. Bai ɓoye mana komai ba: idon hagu ya riga ya tafi, na dama kuma da wuya ya kai ƙarshen damina. Gwaggo Zuleide ta fara share hawaye tun a kan matakala. Shi kuwa Kaka gyara hularsa ya yi, ya tambaye ni ƙarfe nawa motarmu ta komawa gida Barreiras za ta tashi. Na ce biyar. Ya ce to akwai lokaci, mu je ya ga aikinsa.

Kowa a gidanmu ya san labarin. Yana ɗan shekara goma sha tara ya hau bayan babbar mota ya zo Brasília, lokacin ba komai sai jar ƙasa da rumfunan ma'aikata. Kafinta ne, cikin masu haɗa akwatunan katako da ake zuba kankare a ciki. Ya baro budurwa a gida, Dalva, wadda ta zama kakata, ta rasu ina 'yar shekara shida. Da zai taho ta ba shi hankici da ta ɗinka sunanta a jiki. Kaka bai iya karatu ba har yau, amma ya kwaikwayi haruffan nan biyar da bakin wuƙa a jikin wani katako, ya kafa shi ta ciki, a gindin bangon wata gada. Kafin a cire katakan aka mayar da shi wani aikin, daga can zazzaɓi ya kora shi gida. Bai taɓa ganin abin da ya fito ba.

Gwaggo ba ta taɓa yarda da labarin ba. Ta ce kowace shekara sai gadar ta ƙara tsawo a bakinsa, gara mu je tasha mu ci kazarmu da garin rogo, mu huta. Kaka ya ce ta je ta ci, shi yana da Malama. Ni ce Malama, saboda ba na rabuwa da littafi. A ranar ma akwai ɗaya a jakata, na hotunan birnin, wanda na aro a laburaren makaranta na karanta sau uku. Gwaggo ta yi tsaki, ta biyo mu.

Littafin bai gaya mini girman sararin sama ba. Da bas ɗin cikin gari ya fito kan babban fili sai na manne fuskata a taga. Gine-gine farare a jere hagu da dama, kowanne kamar ɗan'uwansa, ciyawa a tsakani ta bushe ta yi ruwan zuma, sama kuma ta sauko har ƙasa ta kowane gefe. Kaka ba ya ganin komai daga nesa sai fari da shuɗi, don haka ya ce in riƙa gaya masa. Ni da in aka tashe ni a aji muryata ke rawa, sai ga ni ina magana a cikin bas, mutane na ji. Na ce ga majami'a can, ginshiƙanta sun lanƙwasa sun haɗu sun sake buɗewa sama kamar yatsun mai roƙo. Na ce ga dogayen benaye biyu a manne, da manyan ƙore biyu farare a gefensu, ɗaya a kife ɗaya a buɗe, ban san me ya riƙe ta ba. Gwaggo ta ce wata ce ta yi wanke-wanke ta manta da su. Amma ita ma ba ta ɗauke idonta daga taga ba.

"A nan wurin na ci wake mai tsakuwa har haƙorina ya tsage," in ji Kaka. Ya faɗe shi a hankali, kamar mai ba da labarin mafarki.

Muka sauka a babbar tasha, muka nufi ɓangaren birnin da ake kira fiffiken kudu da ƙafa, don Kaka ya ce a zamaninsa arewa daji ne. Tituna ba suna, sai lambobi, taswirar littafina kuma ba ta nuna ƙananan gadojin da hanya ke lanƙwasawa ta shige ƙarƙashinsu ba, waɗanda 'yan garin ke kira almakashi. Kaka ya ce nasa shi ne na huɗu daga tasha. Muka riƙa ƙirgawa. Gidajen duk a kan ginshiƙai suke, mutum ya ratsa ta ƙarƙashin gidan wani ba wanda zai tambaye shi, itatuwan ipe kuma sun zubar da furanni rawaya har muna takawa. Sau biyu muka tsaya Kaka ya huta, ya tsotsi mazarƙwaila.

Uku da rabi muka iso. Motoci na wucewa da gudu, gefen da mutum zai tsaya bai fi taku biyu ba. Na tsuguna na bi gindin bangon daga wannan baki zuwa wancan, na tsallaka na bi ɗaya ɓangaren. An shafe shi da farin fenti, ban san sau nawa ba. Ban ga ko tsaga ɗaya mai kama da rubutu ba. Gwaggo ta duba agogo ta ce huɗu saura. Kaka yana tsaye yana juya hularsa a hannu. Har na shirya ƙarya a bakina, in ce ga shi nan Kaka, fenti ne ya rufe shi. Wa zai sani? Sai ya tambaye ni me nake nema da farce haka. Na ce inda wuƙar ta shiga.

"Malama, duk littattafan nan naki," ya ce yana dariya. "Abin da aka sassaƙa a katako, ai tudu kankare yake mayar da shi."

Ya miƙa wa Gwaggo hular, ya durƙusa da ƙyar, ya shimfiɗa tafin hannunsa a bangon. Ya riƙa ja da gwiwa yana shafawa, yana faɗin inda katako ɗaya ya ƙare da inda wani ya fara, har da wurin kan ƙusa. Kusa da kusurwa hannun ya tsaya.

Na sunkuya. Tudu biyar ne a jere ƙarƙashin fentin, kowanne kamar tsawon ɗan yatsa. Ya ce in karanta masa. Na karanta abin da na gani: A, V, sai wani abu da ya juya baya, A, sai wani kuma mai ciki ta hagu. Bakina ya riga hankalina, na ce wannan ba Dalva ba ne.

Kaka ya sake shafa wurin. Can ya ce, "Ashe ɓatawa na yi. Shekara hamsin da uku ina ce wa mutane na rubuta sunanta."

Gwaggo ta ture ni gefe ta duba. Aikinta gyaran gashi ne, rabin rayuwarta a bayan madubi ta yi shi. Ta buɗe jaka ta ciro madubin hodarta, ta ce, "Baba, juya ka ba bangon baya. Zauna, kamar na gama maka aski."

Ya zauna a ƙasa. Ta riƙe madubin a gaban idonsa na dama, tana karkata shi kaɗan-kaɗan. Na kwantar da kaina kusa da nasa. Haruffan suka miƙe a cikin ɗan gilashin, kowanne ya fuskanci inda ya kamata, na farkon ma da 'yar wutsiya irin ta ɗinkin hannu. Na karanta da ƙarfi, muryata ba ta yi rawa ba.

Kaka ya ce ba sai na karanta ba, wannan kalmar ya iya ta. Ya matso da fuskarsa har numfashinsa ya dusashe madubin. Gwaggo ta goge shi da gefen rigarta, ta ce "Mama" a hankali, ta sake ɗaga masa. Motoci na ta wucewa ta kanmu, gadar na ɗan girgiza a bayana. Kaka ya ce ta ƙara riƙewa kaɗan, ta riƙe, ba ta kuma duba agogo ba.