Tarin Alhaji Rilwanu

Ranar da aka fara yi wa Malam Sabi'u allurar ciwon jini, likita ta ja matarsa Bara'atu gefe. Ta ce maganin yana shiga ɓargo ne ya farkar da ƙwayoyin gado da ciwon jininsa ya kwantar, amma kafin nan zai rage fararen ƙwayoyin jini, garkuwar jikinsa ta yi ƙasa.

"Murar da ba ta hana ki girki tana iya kashe shi. Da kin ji zazzaɓi, ki kawo shi."

Bara'atu ta tsare gidansu na Ƙofar Sauri, 'yan dubiya daga zaure suke juyawa. Sai ran Juma'a yayan Malam, Alhaji Rilwanu, ya shigo yana tari. Ta durƙusa ta gaishe shi, maganar tana bakinta, amma nauyinsa ya hana ta faɗi. Ya zauna bakin gado, ya riƙe hannun ƙanensa, ya tofa masa addu'a.

Ran Lahadi da hantsi ta taɓa goshin Malam, ta ji shi da zafi rau.

"Malam, tashi mu tafi asibiti."

"Don ɗan zafin nan? Bari a yi azahar."

Ba ta saurare shi ba, ta fita ta tsayar da Keke Napep. Kafin su isa haƙoransa na karo, yana kiran ta da sunan mahaifiyarsa.

Ya daɗe kwance ana ba shi magani ta jijiya, Allah ya tashi kafaɗarsa. Ranar sallama likita ta ce wata mai kamawa za a ci gaba da allurar. Bara'atu ta ce to, ta ƙudurta a ranta wannan karon ko Alhaji Rilwanu ne daga zaure zai juya.