Wuta a Maƙabartar Malamai

"Ƙasar nan ta zama dutse, Bernice," in ji Royce mai haƙan kabari. Ya sake kai wa daskararriyar ƙasar diga, digar ta yi tsalle. "Sai a ajiye gawar Farfesa a ɗakin sanyi har ƙanƙara ta narke, kamar kowa."

"Kowa ne ke da mata a nan?" ta ce.

Shekara da shekaru Bernice tana katanga ɗaya da Farfesa Alden, malamin tarihi a 'yar ƙaramar Kwalejin Wexcombe, inda kowa ya san tarin kowa. Yanzu an sayar wa masu otal da kwalejin. Daga ƙarshen wata ba wanda za a ƙara binnewa a maƙabartar malamai, inda matarsa Lorna take kwance.

Alden ya kwana da sanin haka. Ranar da ta kai masa miya yana jinya, ture cokalin ya yi yana dariya.

"Ban taɓa makara aji ba, Bernice. Nan ma ba zan makara ba."

"Sha miyarka, tsoho mai taurin kai!"

Washegari da hantsi ya cika. Shi kam ya sauke nasa. Sanyin jihar Vermont ne ya ƙi.

Bernice ta faɗa ɗakin cin abincin ɗalibai, ta bubbuga tebur.

"Wa Alden ya taɓa kayarwa a jarrabawa?"

Hannuwa suka tashi, ana 'yar dariya.

"To ga ranar ramuwa. Ku zo ku binne shi. Wuta za mu hura a kan ƙasar ta yi laushi, ku kwaso kujerun ajinsa."

A bakin ajin shugabar kwalejin, Dakta Pruitt, ta tare su.

"Kayan nan na masu saye ne yanzu, Bernice."

"Sai ki kira 'yan sanda."

Dakta Pruitt ta dubi ɗaliban ɗaya bayan ɗaya. Sai ta tuɓe safar hannu, ta sungumi kujerar malamin da kanta.

Wuni guda wutar tana ci, Royce na juya garwashi yana mita. Da la'asar ya share toka, ya dasa diga. Ta nutse.

Bernice ta durƙusa gefen dutsen kabarin Lorna. Ƙanƙarar da ta rufe sunan ta narke, ruwan na gangarawa a hankali cikin sabon ramin.