Allon da Malam Birki Ya Zaɓa

Karo na uku ke nan Malam Birki yana cire tabarau yana gogewa da gefen rigarsa. Alluna biyu na kwamfuta ne a gabansa a kan dogon teburin shagon. Mai shago ya jona su da sitiyarin wasa da birki da totur, Auta, 'yar Malam Birki, kuma ta harɗe hannu tana jira.

"Baba, ka zaɓa mana," in ji ta. "Ni zan saya, kai naka nuni kawai."

Shekara ashirin da shida yana koyar da tuƙi, ɗalibansa ne kuma suka laƙaba masa sunan, saboda kalmar da ya fi furtawa a mota. Ita kanta Auta shi ya koya mata. Amma tun da ta kawo wasan tseren motoci gidan, duk Asabar in ta taso daga aikin asibiti sai ta buɗe kwamfutarta a falo, shi ya zauna gaban tasa, ta lallasa shi a kan idon uwarta. Wata takwas bai taɓa zuwa ko na biyar ba. Hujjarsa ɗaya ce: tsohon allonsa yana jinkiri, kafin ya nuna masa kwana ya riga ya afka mata. Ya faɗa wa matarsa, ya faɗa wa maƙwabta, har bakanikensa ya sani. Yau Auta ta zo raba shi da hujjar, da murmushinta.

Mai shago, wani mai tumbi da furfura kamar tasa, ya dafa ƙaramin allon. "Wannan sauri ne nasa. Sau ɗari uku da sittin yake sabunta hoto a daƙiƙa ɗaya, 'yan gasa shi suke nema. Wancan mai faɗin da ya lanƙwaso kuwa ɗan kwalliya ne, baƙinsa baƙi ƙirin, jansa kamar ka taɓa."

"Mai saurin za mu gwada," in ji Auta. "Ai jinkiri ne matsalar, ko Baba?"

Ya zauna, ya gyara kujera, ya kai hannu kafaɗa neman bel ɗin da babu shi. Aka saki motoci goma sha biyu. Gaskiya allon bai yi masa ƙarya ba, yana murza sitiyari motar tana amsawa. Ya zo na goma sha biyu.

Mai shago ya yi gyaran murya. "Yallaɓai, in tambaya? Me ya sa ka taka birki tun kwanar tana can nesa?"

"Haka ake yi."

"Jar motar nan fa, da ta matso bayanka, na ga ka raɓe gefe."

"Sauri take yi. Ka san abin da ya fito da ita?"

"Tsere ya fito da ita, Baba," in ji Auta, tana riƙe ciki don dariya. "Har yatsanka na gani yana laluben sigina."

Malam Birki ya miƙe. Ya ja kujera zuwa gaban mai faɗin, don ya ɓoye kunyarsa. Allon ya rungume shi dama da hagu kamar gilashin mota na gaske. Ga madubin gefe duka biyun, tas, abin da bai taɓa samu a wasan ba. Titin ya bi gefen wani tafki, hasken rana yana rawa a kan ruwa, bishiyoyi kowane ganye da nasa launin. Ashe wata takwas yana wuce tafkin nan bai sani ba. Ya sassauta totur ya duba da kyau. Motoci suka yi ta wuce shi, yana ganin kowace tun daga madubi, yana ba ta hanya cikin mutunci. Ya iso na ƙarshe, babu ko ƙwarzane a jikin motar, bakinsa har kunne.

"Ka ga fakin?" ya ce da mai shago. "Ko ɗalibina na ƙwarai sai haka."

Wayar Auta ta yi ƙara, uwarta ce, ta fita bakin ƙofa tana ba ta labari tana dariya. Malam Birki ya yafito mai shago, ya rage murya.

"Tsakaninmu, wannan mai faɗin, yana jinkiri?"

"In aka gwada shi da wancan, ɗan kaɗan. Idon mutum ma ba ya kamawa."

"Amma akwai."

Mai shago ya dube shi, ya dubi furfurarsa, ya shafa tasa. "Akwai, yallaɓai. Ni ma irinsa na kai gida. Jikata ce take cina a wasan ƙwallo na kwamfuta."

Auta ta dawo. "Mama ta ce a ɗauko mai saurin, ta gaji da jin zancen."

"Wannan nake so," in ji Malam Birki, ya ɗora tafinsa a kan mai faɗin. Sannan ya juya ga mai shago. "Ɗan jinkirin nan da ka ce, rubuta mini shi a takarda, ka sa hannu. Ranar Asabar zan buƙace shi."